Ayu a Lungun Kogi

"Ga shi can! Wallahi ga shi can!"

Jami'ar kula da namun daji ta miƙe zumbur, har jirgin ruwan ya karkata, shugaban kwamiti ya rungume jakarsa yana salati.

Shekara uku tana rantsuwa cewa akwai ayu a wannan lungun kogin, ana yi mata dariya. Wanda ya fi kowa dariyar shi ne yayanta, injiniyan madatsar ruwan, wanda ya zana hanyar da za ta bi ta lungun ta cike shi da duwatsu. Yau kwamiti ya zo gani da ido. In ba a ga komai ba, gobe motocin aiki za su shiga.

Ruwa ya sake motsi. Wani ƙaton hanci mai gashin baki ya ɓullo ya huci. Sai ga wani ɗan mitsitsi a gefensa.

"Har da ɗa! Yaya, ka gani? Har da ɗa!" Tana dariya tana hawaye, tana dukan kafaɗarsa.

Shugaba ya mayar da alƙalami aljihu. "Injiniya, sai haƙuri. A sake zane."

Aikin wata takwas ya tashi a banza. Ta juyo a hankali, tana jiran faɗa.

Ta same shi durƙushe a bakin jirgi, baki har kunne, yana yi wa matuƙi raɗa: "Kashe injin nan, malam, za ka firgita mana jariri!"