Talatin a Hanyar Nuranwala

Allon ƙayyade gudu na farko ya nuna ɗari da ashirin, Liyakat ya taka mota yana murmushi. Na biyu ya ce tamanin. Na uku ya sauko talatin, layin dama kuma aka liƙa masa jar alama, wato kada ko kaza ta taka shi.

Liyakat Gondal ya tsufa a tuƙin tasi tsakanin Lahore da ƙauyukan Sargoda, ya san allunan nan masu wuta tun ranar da aka kafa su. Don hazo da haɗari aka yi su: in gaba ta cushe, a rage gudu tun daga baya, kowa ya isa gida da ƙafafunsa. Haka aka gaya mana a talabijin, mu kuma muka yi ta tafi. To yau ba hazo, ba haɗari, rana tarwai a kan gonakin alkama, amma manyan motoci da bas da ƙananan motoci duk suna jan ciki tare.

Fasinjansa dattijo ne mai furfura, sanye da farin shalwar, riga da wando, da ko karin kanti bai sake shi ba. A tasha ya tsaya ƙiƙam a gefen mota har sai da Liyakat ya zagayo ya buɗe masa ƙofa. Bai yi ciniki ba. Abin da ya ce kawai, yayansa ya rasu da asuba a ƙauyen Nuranwala, za a sallace shi bayan azahar, kuma sun daɗe ba sa ga maciji.

"Ustad direba, ba za ka ɗan ƙara gudu ba?" in ji dattijon.

"Baba ji, in ƙara in hau kan wa? Ga layi can fayau kamar an share, amma in na sa taya ɗaya a ciki, kyamara ta ɗauke ni, lasisina ya tafi kenan. Sabuwar doka ce. Wanda ya kawo ta, Allah ya sa shi a bayan tirela da zawo a cikinsa."

Dattijon bai ce amin ba. Ya juya yana kallon taga, can ya ce a hankali, "Saƙon yayana na ƙarshe shi ne, in zan zo, in zo kamar kowa."

Rana ta ƙara ɗagawa. Talatin ɗin ma ta zama labari, domin a gaba an tsaya cak. Dattijon ya ari wayar Liyakat, ya ce shi ba ya riƙe waya a jikinsa. Lamba ɗaya ya iya tunawa. Ya kira, ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake, aka katse. Wane babban ofishi ne a ƙasar nan zai ɗaga lambar direban tasi?

A bakin wata gada suka tarar da jami'in hanya tsaye, takalmi na ƙyalli, ƙirji a gaba, direbobi sun yi masa zobe. Liyakat ya sauka, dattijon ya biyo shi da sauri.

"Sahib ji, me ya faru a gaba?" Liyakat ya tambaya.

"Ba abin da ya faru. Babban Sahib, shugaban hukumar hanya, zai bi ta nan yau. Ƙa'ida ce: ranar da zai wuce, a sauke allo, a bar masa layi. Sai ayarinsa ya wuce za a saki."

"Yaushe zai wuce?"

"Ni zan tambaye shi?"

Nan fa wuri ya yamutse. Wani direban tirela mai gashin baki kamar ƙahon bauna ya ɗaga ƙarfen kwance taya sama. "Wallahi yau da zan ga Sahib ɗin nan ido da ido, da uwarsa ta haifi wani! Kankana ce cike da motata, tana dahuwa!" Wata mata daga cikin bas ta leƙo ta ƙara da nata, har da kakannin Sahib bakwai. Dattijon, wanda ya riga ya buɗe baki zai yi wa jami'in magana, ya dubi ƙarfen, ya rufe bakinsa, ya ja mayafi har hanci ya koma mota.

Liyakat ya ji tausayinsa sosai. Ya ɓare masa lemo, bai karɓa ba. Daga wani masallaci a cikin gonaki suka ji kiran azahar, dattijon ya dafe kansa da hannu biyu. Ayari dai bai zo ba. Jami'an suka ci gaba da gyara hula suna leƙen hanyar Lahore.

Sai bayan la'asar Liyakat ya samu ya sulale ta wata mafita, ya bi hanyar rake har Nuranwala. A maƙabarta ba kowa sai mutane ƙalilan suna wanke hannu a bakin famfo. Sabon kabarin na nan, an yayyafa masa ruwa, an watsa furen wardi. Dattijon ya fito, wannan karon da kansa ya buɗe ƙofa, ya tsaya ya kasa ƙarasawa.

Tanwir, babban ɗan mamacin, ya taho da ƙasa a gwiwoyinsa. Ya dubi tsohuwar tasin, ya dubi baffansa, idanunsa jajur.

"Caca ji, baffana, mun jira har muka ji kunyar gawa. Da ƙyar muka haɗa sahu biyu. 'Yan'uwanmu na Lahore duk suna kan titi tun safe, har da Gwaggo, ba ta ga fuskar ɗan'uwanta ba." Ya share ido da bayan hannu. "Don Allah ka kira yaranka na hukumar hanya su saki mutane. Har yanzu suna can tsaye, suna jiran ka wuce."