Kajin da Suka Tsaya a Ƙirga Su

Tana idar da sallar azahar ta ji gonar ta yi tsit, ko kyarkyara ɗaya babu.

Ɗaliba ce mai koyon aikin odit, wato binciken lissafi, kuma ranarta ce ta ƙarshe. Oganta ya kawo ta gidan kaji a Maisandari, ya ce ta tabbatar kajin sun kai yawan da mai gona ya faɗa. In ƙidaya ba ta fito ba, ba zai sa mata hannun kammalawa ba.

To, kaza ina ruwanta da odita? A ƙirga ta gaba ta koma baya, a ƙirga ta baya ta haye bisa. Da ta gaji, sai ta zaro janbakinta, duk wadda ta ƙirga ta shafa mata a wuya. Da ta shafa wa dukkansu, ta tafi alwala tana yaba wa kanta.

Yanzu ga ma'aikata a bayan keji, wuƙaƙe a hannu, gashi na tashi.

"Baba, me kuka yi haka?" ta tambayi babbansu.

"'Yata, ai nan duk mai jan alama ta yanka ce. Mu ma cewa muka yi wane mai biki ne wannan!"

Mai gona ya ɗora hannu a ka yana salati. Oga ya dubi kajin jere a kan buhuna, fige tas, ya dubi ɗalibar tana sharɓar kuka, ya miƙa mata biro.

"Share hawayenki. Tunda nake wannan aiki ban taɓa ganin kaji sun tsaya an ƙirga su ba sai yau. Fara daga dama."