Jinin da Jikin Mama Ya Ƙi

"Ledar jini uku kun ɗura mata, har da wadda aka kawo daga Toronto, hancinta bai daina zuba ba," na ce wa likita ina buga tebur. "Wasa kuke da ran uwata?"

Da ciwon aka haifi Mama, jininta ba ya daskarewa. Bayan kowane ƙarin jini sai a gwada, a tarar jikinta ya cinye ƙwayoyin tsayar da jinin.

Na naɗe hannun riga. "Ku ɗebi nawa. Ni 'yarta ce."

"Naki zai fi saurin cinyewa," in ji shi. "Lokacin da take da cikinki ne jikinta ya koyi yaƙar baƙon jini."

Mama ta janye audugar da ta jiƙe sharkaf, ta harare ni.

"Zauna, sarkin faɗa. Tun kina ciki muke yi."