Ƙauyen da Bai Amsa Ba

Tun da motoci suka fara tuƙa kansu, ba sa bin hanyar garin da bai amsa kiran na'ura ba. Da safe Barira ta iso tasha da ƙullin maganin mahaifinta, ta tarar sunan ƙauyensu ya ɓace daga allo.

"Baba, ina Tungar Maje?" ta tambayi dattijon da ke yankan tikiti.

"Ba su amsa ba, 'yata. Wanda bai amsa ba kuwa, babu hanyarsa."

"Ai mahaifina kaɗai ya rage can! Shi ke danna maɓallin amsa kiran, ga shi yana kwance."

"To Allah ya ba shi lafiya. Yana dannawa zan sa ki gaba."

Ta zauna ƙarƙashin allon, rungume da maganin da zai ba shi ƙarfin tashi ya danna.