Sawun Zobe

A wurin alwala na masallacinmu na unguwar Utaibiyya a Makka na ga abin. Ɗana, wanda ya zo Umra daga Kanada, yana wanke hannu, sai ga farin sawun zobe a yatsansa na hagu. Abokin da ya zo da shi ma haka, a yatsa iri ɗaya. Nan take na tuna ranar da ya ce mini a waya, "Baba, a nan doka ta yarda namiji ya auri namiji." Na tsine wa dokar a ranar, har yau kuma ban janye ba.

Amma ga maƙwabcinmu tsugune a damana, ɗan Hai'a, 'yan sandan addini, mutumin da ba abin da ke wuce idonsa. Dokar garin nan kuwa tana iya cin rai.

"Alhaji, har yanzu yaron bai yi aure ba?" ya tambaye ni.

Na zare zobena na azurfa na zura wa ɗana a kan sawun, na ce tsarabar Makka ce. Baƙon kuwa na damƙe hannunsa na hagu, ban saki ba sai da liman ya yi kabbara.