Haƙorin Badaru da Mai Jan Littafi

Wane ne a cikinku ya tambayi inda haƙorin ubanku ya tafi? Kai, Haladu? Ba ka da kunya. Mu a zamaninmu ko hanci babba ya rasa, kallon ƙasa muke yi. To, ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa, kuma kada wanda ya katse ni.

Lokacin wayar hannu ta fara shigowa Jidda, Badaru, autana, yana da shekara goma sha tara. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ya sa shi aiki a wani gidan wasa can bakin teku, inda aka daskarar da ruwa ya zama fili. A garin da rana ke dafa ƙwai a kan mota, wai mutane su biya su shiga su ji sanyi. Aikinsa shara. In an tashi sai ya ɗaura takalmin nan mai wuƙa a ƙasa, ya bi ƙanƙara da tsintsiya yana sulu.

Wani Bature ɗan Kanada da ke koya wa 'ya'yan baƙi wasan sanda a wurin ya ga gudunsa, ya karɓe tsintsiyar ya ba shi sanda mai lanƙwasa. Shi ke nan, kan Badaru ya juye. Ƙarti goma suna bin wani baƙin abu kamar ƙonanniyar waina, wai shi ne wasan. Ko zancen Sharifa, uwarku, da ya dame ni har na aika gidansu a unguwar Bab Makka aka ce ubanta ba ya gari, a jira sai ya dawo, yaron nan ya daina tayar da shi.

Rannan Baturen ya ce a cikin watan nan wani zai zo daga ƙasarsu, mai zagawa yana duba yara yana rubutawa. Wanda ya yi masa, sai Kanada. Ya ce ba a sanin su, zama suke a gefe kamar kowa.

Ranar Asabar mutum biyu suka zauna a benci. Wani farin mutum can sama yana cin gyaɗa, ba wanda ya kula shi. Sai wani dattijo baƙi, dogo, da jallabiya da jan littafi, ya zauna gaba-gaba yana rawar ɗari. Idonsa bai bar kan Badaru ba. Badaru ya juya, ya rubuta. Badaru ya yi tsaki, ya rubuta.

Badaru ya ce a ransa, shi ke nan, ga shi nan. Ai Kanada ma akwai baƙaƙe.

Kwana shida dattijon yana zuwa, ya ƙaro bargo. Ko da aka ci su Badaru dattijon ya yi tafi, Badaru ya ce gwaji ne, yana son ganin haƙurinsa. Aka ce an gan shi a unguwa yana tambayar mai shayi da limami halin yaron. Badaru ya ce haka manyan ƙungiyoyi suke, ba sa ɗaukar ɗan iska.

Ya ji an ce a can suna son mai zafi, sai a rana ta biyar ya auka wa wani ƙaton ɗan Labanan a jikin katanga. Ɗan Labanan ya faɗi, sandarsa ta tashi ta sami bakin Badaru. Can haƙorin ya tafi, Haladu, tunda kai ka tambaya. Da jini a bakinsa ya tsaya ya ɗaga yaron, ya ba shi haƙuri, domin ba a titi na haife shi ba.

Bayan wasa dattijon ya kira shi, ya miƙa masa dabinon Madina.

"Yaro, iƙamarka ta zaman ƙasar nan tana da rai?"

"Tana da rai, ya ustaz."

"In ka samu abin da kake nema, za ka riƙe shi da amana?"

"Wallahi ko barci ba zan yi ba. Safe da yamma ina kansa."

"Uwarka fa, tana da faɗa?"

"Sosai. Amma ai ba tare za mu tafi ba."

Wannan ban yafe masa ba har yau.

Washegari dattijon ya tafi alwala ya bar littafin a benci. Badaru ya leƙa. Da Larabci aka rubuta: Ƙafa, akwai gudu. Jiki, lafiya, haƙori ɗaya babu. Fushi kusa, amma yana ba da haƙuri. Ya bar wasa ya yi la'asar. Ci ya yi yawa. Hankali, zai zo daga baya. A ƙasa aka ja layi biyu: Na amince.

Da gudu ya iso gida. Ya shiga kasuwar Balad ya sayo rigar sanyi mai gashi, ya sa ta da tsakar rana yana yi wa maƙwabta ban kwana, gumi na bin ƙafarsa. Ya aika wa Sharifa wai ta jira shi shekara uku. Ni kuwa na ci gaba da tankaɗena, na ce kada wanda ya taɓa mini akwati.

Ya jira takarda sati ɗaya, ya jira biyu. Da ya gaji ya tambayi Baturensa, Baturen ya ce ai mai duba yaran rana ɗaya ya zo, ya zauna can sama ya ci gyaɗarsa, ya ce yaron yana da gudu amma kullum idonsa na kan benci, ya hau jirgi.

Yalla, ku tashi ku kwanta, kuma gobe kowa ya gaida mai jan littafin da kyau in ya zo cin tuwo, kakanku Alhaji Mahmudu ne, da ya taso daga Madina ya sha sanyin kwana shida don ya binciki wanda ke neman 'yarsa.