Rumbun da Ba a Buɗe Ba

To Ladidi, kin zo kina huci wai kwamfutar asibitinku ta raina ki: duk sanda aka kunna ta, manhajar da ke rubuta zuwan marasa lafiya sai ta tashi tsaf kamar tana aiki, da yamma a duba a tarar ko layi ɗaya bai zauna ba. Ai ba raini ba ne. Na'urar nan idan ta farka, ma'ajiyarta a kulle take, a karanta dai amma ba a rubutawa, sai ta gama duba lafiyarta sannan ta buɗe. Manhajarki kuwa tana riga malam masallaci ne. Zauna ki ji abin da ya sami wani manomi.

Mutumin nan mai babban gida ne, baki da yawa, gona uku, rumbu ɗaya. Al'adar garinsu, idan kaka ta yi, tsohon magini ne ke fara shiga rumbu. Ya share, ya liƙe tsaga, ya toshe ramin ɓera, ya turara hayaƙi. Duk mai so ya hau tsani ya leƙa, ba a hana shi, amma ko zangarniya ɗaya ba a jefawa ciki sai tsoho ya fito. To wata shekara damina ta ƙi tafiya da wuri, manomi ya tsorata, ya kira gayya da tsohon duk a safiya ɗaya. Shi yana gona yana ɗora wa mutane dami, yana ganin sun tafi da kaya sun dawo kai wayam, zuciyarsa fari tas, a zatonsa gero na shiga rumbu. Ashe bayin Allah suna isa su tarar tsoho na ciki, sai su jibge a gindin rumbu su juyo, ba wanda ya ce masa uffan. Awaki suka yi walima, la'asar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya dawo ya ga geronsa cikin taɓo, sai da ƙwalla ta cika masa ido.

Ruwan nan ya jiƙa sabon yaɓen rumbu, dole tsoho ya sake shiga. Manomi ya ce ya gane, matsalar sammako ce, ranar kwasar gona ta biyu kowa ya jira hantsi ya ɗaga. Ke ma na san dabarar da kika fara yi ke nan, kika ce wa manhaja ta ɗan dakata kafin ta tashi. Wa ya gaya wa manomi tsoho zai gama da hantsi? Ranar sai ga gara ta ci gefe guda, gyara ya kai azahar, dami ya sake taruwa a ƙasa, ruwa ya sake dukan gero da yaɓen rumbu, abin da aka tsinto sai da aka yi ta shanya ana sake ɗauri. Ƙaninsa ya ba shi shawara ya sallami tsohon kawai a yi ta zuba hatsi. Manomi ya ƙi, don ya san hatsin da aka zuba kan gara sunansa ba naka ba.

Gona ɗaya ta rage, ita ce abincin gidan har wata damina. Ya zauna ya rarrabe aikin dalla-dalla. Masu yanka da masu ɗauri ba ruwansu da rumbu, su fara da asuba abinsu. Masu ɗauka kuwa, ya tara su ya ce:

"Ba rana za ku duba ba, kuma ba ni za ku duba ba. Sai tsoho ya fito da ƙafarsa ya aiko cewa an buɗe. Wanda kuma ya isa ya tarar a rufe, ya dawo mini da kayan a kansa in sani."

Ranar ma tsoho ya daɗe. Hadari ya haɗo daga gabas, masu gayya suka fara guna-guni, wani ya ce wannan wauta ce, a tsaya kallon sama da dami a ɗaure. Wallahi tsoro ya kama manomi sosai, amma ya cije. Ya sa aka jera damman a kan itace aka lulluɓe da zana, ya tsaya a bakin hanya ya hana kowa wucewa. Can sai ga saƙon tsoho. Nan take layi ya miƙe daga gona har tsani, daga kai zuwa cikin rumbu, ba dami ɗaya da ya taɓa ƙasa, ba wanda aka ɗaga sau biyu. Ana kifa wa rumbu jinka ruwa ya tsuge. Manomi ya tsaya cikin ruwan, ya jiƙe jagab, yana dariya, iyalinsa na kiran ya shigo ya ƙi.

To je ki tsara manhajojin kwamfutarku haka. Mai buɗe ma'ajiya ya fara, masu rubutu su jira maganarsa, wanda bai da buƙatar rubutu ki bar shi ya wuce, wanda ya kasa kuma ya faɗa a ji. Manomin nan gona biyu ya biya kafin ya yarda da abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: sauri ya haifi nawa.